Yadda Ake Taka Hanyar Haikali 88 ta Tsibirin Shikoku a Ƙasa

Shikoku shi ne ƙarami a cikin manyan tsibiran Japan guda huɗu, kuma akwai wata tsohuwar hanya da ta kewaye shi kamar zobe, ta bi ta haikalin addinin Buda guda 88. Tsawonta kusan kilomita 1,200 ne. Mai ƙafa yakan gama ta cikin kwana 40 zuwa 50. Ni ban taɓa yin ta a zama ɗaya ba, guntu-guntu nake yi, duk lokacin da na samu hutun aiki sai in koma inda na tsaya in ɗora. Wasu sassan na maimaita su har na san inda ake samun ruwan sha da inda kare yake haushi.

Abu ɗaya ya kamata ka sani kafin komai. Hanyar nan ta mabiya wani malami ce mai suna Kukai, wanda aka haifa a tsibirin a shekarar 774, ya tafi ƙasar Sin karatu a 804, ya dawo a 806 ya kafa ɗariƙar Shingon, ya rasu a 835. Bayan rasuwarsa aka ba shi laƙabin Kobo Daishi, sunan da za ka riƙa ji ko'ina. Su ibada suke yi. Ni Musulmi ne, baƙo nake zuwa, in ga ƙasa, in ga yadda mutane ke rayuwa, in motsa jiki. Babu mai tambayar addininka a bakin ƙofa. Abin da ke gabanka shi ne ka iya bambance abin da yake bauta da abin da yake ladabi kawai, ka bar na farko, ka riƙe na biyu da kyau.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takalmi shi ne kan gaba. Mafi yawan hanyar kwalta ce, ba daji ba, don haka takalmin hawa dutse mai nauyi zai dafa maka ƙafa. Nemi marar nauyi mai laushin ƙasa, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma, domin ƙafa tana kumbura bayan kwana uku. Kar ka kuskura ka zo da sabo fil. Taka shi a gida na aƙalla wata guda.

Jakar goyo, kuma duk abin da ke ciki kar ya wuce kilo shida ko bakwai. Kaya kala biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a jaka, tunda kusan kowane masauki yana da injin wanki. Safa ƙafa uku, rigar ruwa, gorar ruwa, filasta da allura don bororo, ƙaramar tocila, cajar waya, sallaya marar nauyi wadda take naɗuwa.

Tsabar kuɗi. Ƙananan masaukai da ofisoshin haikali da yawa ba sa karɓar kati. Na'urar cirar kuɗi ta gidan waya da ta shagunan 7-Eleven tana karɓar katin ƙasashen waje, amma a ƙauyukan kudu za ka iya yini ba ka ga ko ɗaya ba.

Taswirar hanya. Akwai littafin taswira da ake sayarwa a shagon haikali na farko, har da mai rubutun boko. Waya tana taimakawa, amma a cikin duwatsu sabis yakan ɗauke.

Sai kayan maziyarta. Su maziyartan ana kiransu henro. Suna sa farar riga, hakui, da malfa mai tsini, sugegasa, suna riƙe sanda, kongozue. Farar rigar a da likkafani ce, domin wanda ya fito wannan tafiya ya san zai iya mutuwa a hanya, sandar kuma ita ake kafawa a kan kabarinsa. A jikin kayan za ka ga an rubuta dogyo ninin, wato mu biyu muke tafiya, domin a wurinsu sandar tana matsayin Kobo Daishi ne da kansa. Saboda haka ni ban riƙe ta. Sandar ƙarfe ta masu hawa dutse nake amfani da ita, da farar rigata ta gida, da malfa wadda babu rubutu a jikinta. In kana da malfar saƙa daga gida, zo da ita, ta fi dacewa da zafin ranar lardin Kochi. Ba dole ba ne kowa ya sa kayan, Japanawa da yawa ma ba sa sawa duka.

MATAKI NA 1: ZAƁI LOKACI DA TSAWON TAFIYA

Lokaci biyu ne masu kyau: Maris zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce marar yankewa. Agusta da Satumba zafi ne mai gumi da guguwar teku. Kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne, zafi ba ya ba ni tsoro. Zafinmu busasshe ne, nasu kuwa jiƙaƙƙe, gumi ba ya bushewa a jiki, mutum sai ya ji kamar an rufe shi a tukunya. Ka kuma kauce wa ƙarshen Afrilu da makon farko na Mayu, lokacin babban hutun ƙasar, domin masauki yana wuya.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya ɗauki lardin Tokushima kawai, haikali na 1 zuwa na 23, tafiyar mako ɗaya zuwa kwana goma. Yin tafiyar kashi-kashi abu ne sananne, suna ce masa kugiri-uchi, ba wanda zai raina ka. Sauran rabon shi ne Kochi na 24 zuwa 39, Ehime na 40 zuwa 65, Kagawa na 66 zuwa 88. In daga gida za ka taso, sai da biza, kuma ta gajeriyar ziyara ba ta wuce kwana 90, wani lokaci ma ƙasa da haka ake bayarwa, don haka duba kwanakin da aka buga maka kafin ka tsara komai.

Bi lambobin a jere. Akwai masu yin ta a juye, daga 88 zuwa 1, musamman a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, amma alamomin hanya an yi su ne don mai tafiya gaba. Wanda ya juya zai riƙa ganin bayansu.

MATAKI NA 2: ISA HAIKALI NA FARKO

Daga filin jirgin Kansai ko daga birnin Osaka akwai bas da ke tsallaka gadoji ta tsibirin Awaji zuwa Tokushima, tafiyar awa uku ko ƙasa da haka. Daga can ka hau jirgin ƙasa zuwa ƙaramar tashar Bando, sai ka taka zuwa Ryozenji, haikali na 1, a yankin Naruto. Kwana a kusa, ka fara da safe.

Haikali goma na farko suna kusa da juna, duka cikin kusan kilomita 30, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Nan ne tarkon yake. Mutum zai ji ƙarfi ya yi ta zabga sauri, kwana na biyu ƙafa ta yi bororo, alhali dutse yana jiransa a rana ta uku. Raba su kwana biyu. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ka cire takalmi da safa, ka bar ƙafa ta sha iska. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi, manna filasta nan take, kar ka jira ya tashi.

Alamomin hanya ƙanana ne: jar kibiya ko ɗan hoton mutum ja mai malfa, an manna a jikin turken lantarki ko ƙarfen gefen titi, sai kuma tsofaffin duwatsu masu hannu yana nuni. In ka yi minti ashirin ba ka ga ko ɗaya ba, koma baya.

MATAKI NA 3: YADDA AKE SHIGA HAIKALI

Ga abin da mai ibada yake yi, don ka gane abin da kake gani. Yana rusunawa a babbar ƙofa. Ya wanke hannu da baki a kwamin ruwa. Ya buga ƙararrawa sau ɗaya in an yarda a wurin. Ya nufi babban ɗaki, hondo, ya kunna kyandir da turaren tsinke uku, ya jefa 'yar takardar sunansa da kwabo a akwati, ya karanta addu'o'insu. Ya maimaita haka a ɗaki na biyu, daishido, wanda aka keɓe wa Kobo Daishi. Daga nan ya je ofis a buga masa hatimi.

Ni abin da nake yi kaɗan ne. Ina shiga a natse, ban rusuna ba, ban kunna komai ba, ban jefa kuɗi a akwatin bauta ba. Ina tsayawa gefe in ba masu karatu wuri. Ban taɓa ganin wanda ya harare ni a kan haka ba. Abin da ke ɓata musu rai daban ne: surutu da ƙarfi, tsayawa a tsakiyar matakala ana ɗaukar hoto yayin da tsofaffi ke jira, ɗaukar hoton cikin ɗaki inda aka hana, taka dokin ƙofa maimakon tsallake shi. Da kuma buga ƙararrawa lokacin fita, wanda suke ɗauka mugun abu ne. Mai yawon buɗe ido yakan ga ƙatuwar ƙararrawa hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ka bar ta kawai.

Maganar hatimi. Akwai littafi, nokyocho, mai shafi ɗaya ga kowane haikali. Ma'aikaci zai ɗauki alƙalamin gashi ya yi rubutu da baƙar tawada, ya buga jan hatimi uku, cikin minti ɗaya, hannunsa ko rawa ba ya yi. Tun Afrilun 2024 kuɗin yen 500 ne, ofis kuma yana buɗewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. In ka lissafa 88, yen 44,000 ke nan. Asalinsa shaida ce cewa mutum ya gabatar da karatunsa a wurin, abin da ake rubutawa kuma ya haɗa da sunan abin bautar haikalin. Shi ya sa ni nake riƙe ɗan littafina na rubutu, in sa kwanan wata da abin da na gani. In zuciyarka tana wasi-wasi a kan wannan ko a kan shiga wurin ma baki ɗaya, tambayi malaminka tun kana gida, kar ka bari sai ka tsaya gaban ofis.

MATAKI NA 4: MASAUKI

Mafi yawan masu tafiya suna kwana a minshuku, gidan baƙi na iyali, inda ake ba da abincin dare da na safe. Wasu haikalai suna da nasu masaukin, shukubo, inda ake gayyatar baƙi zaman addu'a da yamma ko da asuba. A garuruwa akwai ƙananan otal. Akwai kuma ɗakunan kyauta ko na kuɗi kaɗan da mutanen gari ke tanada, amma kar ka gina tafiyarka a kansu, wasu an rufe.

Ka kira ka kama ɗaki kwana ɗaya ko biyu kafin ka isa. In ba ka jin Japananci, roƙi mai gidan da kake ciki ya kira maka na gaba, sun saba. Ka isa kafin ƙarfe 5, domin ana cin abinci wajen 6, kowa tare. Babban laifi a nan shi ne ka kama ɗaki ka ƙi zuwa ba ka faɗa ba. Yawancin masu gidajen tsofaffi ne, an riga an sayo kifinka an dafa, kuma in ba ka iso ba za su ɗauka ka faɗi a dutse. Laifin mutum ɗaya yakan sa a daina karɓar baƙi 'yan waje.

Cire takalmi a ƙofa. Silifas na cikin gida ba ya hawa tabarmar tatami, na banɗaki kuma ba ya fita daga banɗaki. Na taɓa shiga ɗakin cin abinci da na banɗaki a ƙafata, ba wanda ya ce uffan, sai dai kowa ya sunkuyar da kai yana kallon shinkafarsa, har na gane da kaina. Wanka kuwa, ana wanke jiki tas a waje kafin a shiga kwamin ruwan zafi, kuma ba a zubar da ruwan, na bayanka zai shiga. A ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya ake shiga, babu matsala. A manyan wurare wankan taro ne tsirara, sai ka nemi ɗaki mai banɗakinsa.

MATAKI NA 5: ABINCI DA SALLA

Faɗi abin da ba ka ci tun lokacin kama ɗaki, ba sai an ajiye faranti ba. Kalmar alade ita ce buta, abin dariya ga Bahaushe, kuma ga yadda ake rubuta ta: 豚. Haddace wannan alama, za ka riƙa duba ta a jikin kayan shago. Taliyar ramen da miyar kori galibi da alade ake yi. Ka kuma sani cewa girkin Japan yana yawan amfani da mirin da sake, dukansu daga giyar shinkafa, ko a abincin haikali marar nama. Ni nakan ce kifi gasasshe da gishiri, shinkafa, ƙwai da ganye sun ishe ni, kuma mafi yawan masu gida suna yi da farin ciki. Da rana, curin shinkafa na onigiri mai kifi, ayaba, gyaɗa da dafaffen ƙwai daga shago. A Kochi za ka ci kifin katsuo da aka babbaka da wutar kara, a Ehime lemo kamar a banza, a Kagawa taliyar udon.

Alƙibla daga Japan tana yamma, an ɗan karkata arewa. Masallaci ba ya kan hanya, don haka rumfunan hutawa na gefen titi, bakin teku da ɗakin kwananka su ne wurin salla. Kar ka shimfiɗa sallaya a harabar haikali. Matafiyi ne kai, rangwamen kasaru yana gare ka. Ruwa kuwa ba ya wuya, sai dai ka yi alwala da gorarka, kar ka sa ƙafa a kwamin da suke wanke hannu.

MATAKI NA 6: WURAREN DA KE KAYAR DA MUTUM

Suna da suna a kansu, henro korogashi, wato inda maziyarci ke gangarawa. Na farko kuma mafi shahara yana tsakanin Fujiidera, na 11, da Shosanji, na 12. Kilomita 13 ne kacal a takarda, amma hawa uku ne da gangara biyu a cikin kurmi, haikalin kuma yana kan tudu mai tsayin kusan mita 700. Ba shago, ba mota. Tashi da sassafe, ɗauki ruwa da abincin rana, ka ba shi awa shida ko fiye. Abin da ke karya zuciya shi ne ka gama hawan farko, numfashi yana fita da ƙyar, sai hanya ta gangara da kai ƙasa, duk abin da ka hau ya tafi, ka sake sabon lale. A can saman hawa na biyu akwai matakala da mutum-mutumin Kukai tsaye gaban wata ƙatuwar bishiya, nan kowa ke zubewa ya huta. In an yi ruwa da dare, duwatsun suna santsi, ka sauko a hankali da sanda. In gwiwarka ba ta da lafiya, aika jakarka gaba ta kamfanin kai kaya, ko ka bi ta titin mota.

A kusa da nan ne ake ba da labarin Emon Saburo, wani attajiri marowaci da ya fasa ƙoƙon barar wani malami, 'ya'yansa takwas suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya gane Kukai ne ya wulaƙanta, ya yi ta kewaya tsibirin yana nemansa. Sau ashirin bai same shi ba, sai da ya juya ya bi hanyar a baibai suka haɗu yana bakin mutuwa. Tatsuniyar asalin ziyarar ke nan a wurinsu, daga nan kuma al'adar juyawa ta samo tushe.

Na 20 da na 21, Kakurinji da Tairyuji, duwatsu biyu ne a rana ɗaya, amma na 21 yana da keken igiya da ke sauko da mutane. Haka ma Unpenji, na 66, mafi tsayi duka, kusan mita 900.

Wahalar Kochi iri dabam ce: nisa. Daga na 23 zuwa na 24 a tsinin Muroto kusan kilomita 75 ne, teku a hagunka, dutse a damanka, kwana biyu ko uku ba haikali ko ɗaya daga cikin 88 ɗin. Daga na 37 zuwa na 38 a tsinin Ashizuri ya haura 80. Cika gora duk inda ka samu ruwa. A ramukan da aka huda dutse don motoci, kunna tocila ka manne gefe. In jiki ya ƙi, hau bas ko jirgin ƙasa, ba a tambaya. A daji ka kula da macijin mamushi da manyan zirnako, musamman a kaka. Lambar motar asibiti 119 ce, ta 'yan sanda 110.

MATAKI NA 7: KARƁAR KYAUTA

Wannan ne abin da ya fi kama ni. Mutanen Shikoku suna da al'adar ba mai tafiya kyauta, osettai. Wata rana a Ehime wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba ta fito daga gona ta tare ni, ta zuba mini lemo uku a hannu, ta ɗora kwabon yen 100 a kai. Na fara cewa a'a, irin kawaicinmu, sai na ga fuskarta ta canja. Ba a ƙi. Karɓa da hannu biyu, ka yi godiya. Wanda ya tashi inda ake aika wa baƙo da ƙwaryar tuwo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Maziyarta suna mayar da 'yar takardar sunansu, osamefuda. Launinta yana nuna sau nawa mutum ya kewaya: fara ga sabon shiga, sai kore, ja, azurfa, zinariya daga zagaye 50, wanda ya kai 100 kuma ta saƙa yake bayarwa. Ni ƙananan katuna nake yankawa in rubuta sunana da Najeriya. In abin da aka ba ka ba ka ci, karɓa ka miƙa wa wani matafiyi a gaba.

Wata al'adar da za ka lura da ita: maziyarta ba sa dogara sanda a kan gada, ɗaga ta suke yi, domin an ce Kukai ya taɓa kwana a ƙarƙashin wata gada a garin Ozu. Ni ma in ina tare da su nakan ɗaga tawa, don kar ƙarar ƙarfe ta dame su.

MATAKI NA 8: ƘARSHEN HANYA

Na 88 shi ne Okuboji, a cikin duwatsun Kagawa, inda masu ibada da yawa ke barin sandunansu. Wasu suna ƙarasawa su koma na 1 don zoben ya rufe. Daga nan al'ada ita ce a tafi dutsen Koya a lardin Wakayama, cibiyar da Kukai ya kafa a 816. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ruwa daga Tokushima zuwa Wakayama, kusan awa biyu, sai jirgin ƙasa, sai keken igiya da ke hawa dutsen. Ana isa makwancinsa, Okunoin, ta wata hanya mai kusan kilomita 2 a tsakanin dogayen itatuwa da kaburbura fiye da 200,000. Mabiyansa sun yi imani bai mutu ba, yana zaune ne cikin zurfin tunani, har yau kuma ana kai masa abinci sau biyu a rana. Daga gadar ƙarshe ba a ɗaukar hoto. Ka tafi da rigar sanyi ko da a Mayu ne, domin da rana ta faɗi dutsen yana yin sanyi sosai.